Shagon cike fom ɗin katin zaɓe da ke kusa da Wunti

Shagon ɗan ƙarami ne, a layin masu gyaran waya idan ka baro shataletalen Wunti a garin Bauchi, kuma ba shi da allon suna. Takarda ce kawai manne a jikin ƙofa da jerin ayyukansu: fotokwafi, buga takardu, rajistar jarrabawa, sai can ƙasa aka ƙara "katin zaɓe" da biro. Wannan na ƙasan shi ya kai ni, a kansa kuma zan yi magana. Wanda ba ya jin Turanci, ko ba shi da babbar waya, ko yana da tsohuwa a gida da yake son a gyara mata katinta, ina ba shi shawara ya je. Sun iya aikin, sun fi sauran shagunan da na leƙa a garin nan nesa ba kusa ba. Suna da nasu aibin kuma, ba zan rufa musu asiri a kansa ba.

A san dai cewa ba su ne ke yin kati ba, kuma ban ji sun ce wa kowa su ne ke yi ba. Tun watan Yunin 2021 hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta buɗe shafin intanet inda mutum zai fara rajista daga inda yake, ko ya nemi a sauya masa rumfa, ko a gyara masa suna, ko a sake masa katin da ya ɓata ko ya lalace. An rufe a ƙarshen Yulin 2022 saboda gabatowar babban zaɓe, aka sake buɗewa a Agustan 2025. Duk wannan kyauta ne, ko sisi hukuma ba ta karɓa. Amma shafin da Turanci yake, ga shi yana son data da lambar sirri da hoto mai haske, kuma a nan ne masu shago irin wannan suka samu abin yi. Abin da kake ba su kuɗin data ne da na aiki da na takardar da za su buga maka. Lokacin da na je, naira 500 suke karɓa a sabuwar rajista, 1,000 a sauyin rumfa ko gyara.

Goggona na kai, yayar mahaifina, wadda ta haura shekara 80, sai wata 'yar maƙwabciyata da ta cika 18, shekarun da sashe na 77 na tsarin mulkin 1999 ya gindaya. Goggo ta dawo wurinmu a Fadaman Mada bayan rasuwar mijinta, rumfarta kuwa tana Azare, a ƙaramar hukumar Katagum. A zaɓen 2023 tana ji tana gani ta wuni a gida, domin ranar zaɓe ana hana zirga-zirga, kuma babu wanda ya ga dacewar a ɗauki tsohuwa a kai ta Azare ta kwana saboda ƙuri'a ɗaya. Abin ya ci mata rai fiye da yadda muka zata. A zaɓen 1959 da na 1964 matan kudu sun shiga layi, matan Arewa ba su da ikon shiga. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana, amma sai a 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi, aka buɗe wa matanmu ƙofa, sannan babban zaɓen 1979. Goggo ba ta riƙe waɗannan shekaru ba. Abin da ta riƙe shi ne tana da 'ya'ya huɗu kafin a bar ta ta jefa ƙuri'arta ta farko, kuma tun daga nan ba ta wasa da ranar zaɓe.

Mai shagon matashi ne, bai fi sa'ar ƙaramin ƙanena ba. Kafin ya taɓa kwamfuta sai da ya rusuna ya gaishe ta, sannan ya ce, "Kaka, an taɓa yi miki kati?" Wannan tambaya kowa ya zauna a kujerar sai ya yi masa ita, kuma ko ka ce a'a sai ya duba sunanka a rajistar masu zaɓe tukuna. A ganina rabin darajar shagon yana cikin wannan dubawa. Mutanenmu da yawa sun ɗauka katin zaɓe yana ƙarewa, ko kuwa idan ka tashi daga gari sai ka yi sabo. Katin ba ya ƙarewa, kuma wanda ya tashi sauyin rumfa zai nema. A gabana wani dattijo daga wajen Ningi ya kafe sai an yi masa sabo fil. Yaron ya ce masa, "Baba, idan na sake yi maka, na'ura za ta gane yatsunka a soke sabon. Ka ga ka yi asarar kuɗinka, ka yi asarar wahalarka." Gaskiya ya faɗa masa. A rajistar 2021 zuwa 2022 mutum kusan miliyan 12.3 suka kammala, hukuma ta soke kusan miliyan 2.8 bayan tantancewa, kuma rajista fiye da sau ɗaya tana kan gaba a cikin dalilai. Dokar zaɓe ta 2022 ma ta mai da shi laifi, tarar da ta kai naira 100,000 ko ɗaurin shekara ɗaya. Wani mai shagon karɓar ɗari biyar ɗin kawai zai yi ya cika fom ya sallame ka. Wannan sai da ya lallashi dattijon har ya yarda a yi masa sauyi.

Duk layin da ya cika sai ya maimaita maka shi da Hausa. Jiha kaza, ƙaramar hukuma kaza, mazaɓa kaza, rumfa kaza. Da ya zo kan rumfa bai zaɓa mana ba, sai ya riƙa karanto sunayen waɗanda ke unguwarmu yana tambaya wace ce Goggo za ta iya takawa da ƙafa. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, domin a 2021 an ƙara rumfunan ƙasar nan daga 119,974 zuwa 176,846, kuma akwai sababbi a kusa da gidajen mutane waɗanda su kansu mutanen unguwar ba su san da su ba. Mun samu wata da ba ta kai nisan masallacin Juma'armu ba.

Hoto kuwa ƙanwarsa ce ke ɗaukar mata, a bayan wani labule da suka rataya a kusurwa, da farin ƙyalle a bango da ɗan fitilar caji. Ban ga wannan tsari a ko'ina ba, kuma na san magidantan da saboda shi kaɗai za su bar iyalinsu su zo. Shafin yana neman hoto biyu, ɗaya fuska a sake ba dariya, ɗaya da murmushi. Na farkon bai ba Goggo wahala ba. Na biyun ne ta ce ita ba yarinya ba ce da za ta washe baki a gaban waya. Sai mai shagon ya ɗaga murya daga wajen labule, "Haba amaryata, don ban kawo sadaki ba ne kike haɗe mini rai?" Goggo ta ce, "Kai tafi can ja'iri, ka fara kawo kuɗin goro tukuna." Tana faɗa tana dariya, yarinyar ta danna. Hoton ya fi wanda ke jikin tsohon katinta kyau.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da yake yi da takardar shaida bayan ya buga ta. Juya bayanta yake yi ya rubuta da Hausa abin da ya rage maka, wanda ajami yake karantawa kuma ya rubuta masa da ajami. A bayan ta 'yar maƙwabciyata ya rubuta cewa wannan takarda ba kati ba ce, sai ta je ofishin hukuma na ƙaramar hukuma an ɗauki hotonta da zanen yatsunta, kuma ranar karɓar kati ita da kanta za ta je, ba a aike. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Wanda ya san abin da ya faru a baya zai gane dalilin layin nan. A zagayen da aka rufe a 2022, mutum sama da miliyan 10 suka fara rajista ta intanet, fiye da miliyan 7 daga cikinsu ba su je sun ƙarasa ba. Ina da yaƙinin da yawansu a shago irin wannan aka cika musu, aka miƙa musu takarda mai Turanci, suka linke ta suka sa a ƙarƙashin katifa a kan an gama.

Muna zaune wani saurayi ya shigo da katuna a ɗaure da roba, ya ce wani babba ne ya aiko a mayar da su wata mazaɓa, kuma za a biya a dunƙule. Mai shagon ko karɓa bai yi ba, ya ce kowane mai kati ya zo da ƙafarsa. Saurayin ya yi ta magana, ya tafi yana ƙunƙuni. Ko tsoron Allah ne ko tsoron doka, duka biyun sun yi mini, domin dokar 2022 ta tanadi tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin shekara biyu a kan sayen katin wani, ko sayarwa, ko riƙe shi ba bisa ƙa'ida ba.

Ni malamar darasin gwamnati ce a sakandare, shi ya sa naira dubun da na miƙa ta ƙi barin zuciyata. Ba ina cewa yaron ya ci haram ba ne, halalinsa ya ci, guminsa ne. Amma ka duba wa ke biya. Ɗan bokon da ke da waya da data yana kwance a kan gadonsa zai gama komai kyauta. Tsohuwa da manomi da ɗan acaɓa su ne za su biya kuɗin mota, su biya na shago, su bar sana'ar yini guda. Doka ta ba kowa 'yanci daidai, amma farashin isa gare shi ya sha bamban, kuma mafi ƙarancin hali shi ke biyan mafi tsada.

Duk shekara ina koya wa ɗalibaina labarin Amurka a kan wannan. Tun 1870 gyara na 15 ga tsarin mulkinsu ya haramta hana mutum zaɓe saboda launin fatarsa. Jihohin kudu ba su ce sun ƙi ba, sai suka ƙirƙiro harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu. A Misisipi dala 2 ce a shekara, kuma har zuwa 1965 baƙaƙen fatar da ke da rajista a jihar ba su kai kashi 7 cikin 100 ba. Sai da aka fasa wa mutane kai a kan gadar garin Selma ta jihar Alabama ranar 7 ga Maris 1965, cikinsu har da John Lewis, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, sannan Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar kare 'yancin zaɓe ranar 6 ga Agusta na wannan shekara. Zuwa 1967 adadin na Misisipi ya kusa kashi 60.

Abin da na fi jan hankalin yara a kai shi ne wasu sassan dokar da wa'adi aka yi su, dole majalisa ta dawo ta sabunta, kuma idan ta dawo ba ƙara shekaru kawai take yi ba, takan duba wa aka bari a waje. A 1970 aka dakatar da jarrabawar karatu a faɗin ƙasar. A 1975 aka mai da haramcin na dindindin, aka kuma wajabta buga takardun zaɓe da ba da taimako a harsunan da ba Turanci ba, irin su Sifananci da harsunan 'yan asalin ƙasar, a yankunan da masu harshen suka haura kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa zaɓe kuma rashin iya karatu ya yi yawa a cikinsu. A 1982 aka ba makaho da mai naƙasa da wanda bai iya karatu ba ikon zuwa da mataimakin da ya zaɓa da kansa, ban da ubangidansa na wurin aiki. A 2006 aka ƙara shekara 25, majalisar dattawa ta amince da ƙuri'a 98, babu ko ɗaya da ya ƙi.

Kada a ce ina yi wa Amurka kirari. A watan Yunin 2013 kotun ƙolinsu, alƙalai 5 a kan 4, ta rushe ma'aunin da ake bi wajen tantance jihohin da sai sun nemi izinin tarayya kafin su taɓa dokar zaɓensu, ko da matsar da rumfa ne. Hujjarsu ita ce zamani ya sauya. Mai shari'a Ruth Bader Ginsburg, wadda ba ta yarda ba, ta kwatanta abin da mutumin da ya yar da lemarsa ana tsakar ruwa don ya ga bai jiƙe ba. A ranar da aka yanke hukuncin jihar Teksas ta sanar da fara aiki da dokar nuna katin shaida kafin jefa ƙuri'a, wadda aka hana ta a baya. Ƙudirin da aka sa wa sunan John Lewis don gyara ɓarnar ya wuce majalisar wakilai a Agustan 2021, ya maƙale a ta dattawa.

Mu ma muna sabunta tamu dokar, an yi a 2002, an yi a 2006 da 2010 da 2022 da 2026. Ta 2022 ta zo da abubuwan kirki: ta ba na'urar tantance masu zaɓe gindin zama, sashe na 54 kuma ya yi tanadi ga makafi da masu naƙasa, har da rubutun makafi da maganar hannu ta kurame. Sai dai duk lokacin da Majalisar Tarayya ta zauna a kan dokar, hayaniyar a kan zaɓen fid da gwani take da yadda za a tura sakamako, wato abin da ya dami 'yan takara. Wanda ke zaune a bencin shagon Wunti damuwarsa ta riga wannan, shi shiga rajistar ma yake nema. Abin da nake so in gani a sabuntawa shi ne sashen da zai wajabta fom da shafi da takardar shaida a harshen da mutanen wurin ke ji. Ba baƙon abu ba ne, sashe na 55 na tsarin mulki ya riga ya ambaci Hausa da Ibo da Yarabanci a matsayin harsunan da majalisa za ta iya aiki da su. A jiha irin tamu mai ƙananan hukumomi 20 da masu zaɓe sama da miliyan 2.7, Hausa kaɗai za ta ɗauke mafi yawan nauyin, sannan a duba inda ake buƙatar Fulatanci ko Jaranci ko Sayanci. Ranar da aka yi haka cinikin yaron nan zai ragu, ya yi haƙuri, ga rajistar jarrabawa nan ba ta ƙarewa.

To, aibin shagon. Ƙofar tana da matakala uku masu tsayi, sai da muka riƙe Goggo ta kowane gefe, mai keken guragu kuwa a waje za a yi masa a cikin rana. Layi ba ya da tsari, wanda ya san mai shago yakan shigo ya yi sallama ya wuce gaba, kuma na ga an yi wa wata mai goyo haka. Idan wuta ta ɗauke janaretan a bakin ƙofa yake, sai ka yi ihu kafin a ji sunan mahaifinka, wurin da kuskuren harafi ɗaya ke jawo wahalar shekaru.

Akwai kuma yaron shago da ke zama a kwamfuta ta biyu. Kada ka yarda ya yi maka. Shi ba ya maimaita komai, kuma na ji da kunnena ya tambayi wata mata ranar haihuwarta, ta ce ba ta sani ba, ya rubuta 1 ga Janairu ya ƙiyasta mata shekara da ido, alhali katin ɗan ƙasarta yana cikin jakarta bai tambaya ba. Gobe idan takardun biyu suka saɓa, ita za ta sha yawo.

Babban abin shi ne littafin. Yawancin masu zuwa ba su da imel, to shi yake buɗe musu, ya ƙirƙira musu lambar sirri, sai ya rubuta suna da lambar waya da lambar kati da lambar sirrin duka a wani dogon littafi mai baƙin bango, wai don idan mutum ya manta ya dawo. Niyyar mai kyau ce. Amma littafin a buɗe yake a kan tebur, kusa da injin fotokwafi, kowa na iya ɗaukarsa hoto da waya kafin a ankara. Saurayin nan da aka kora da katunansa, da ya kai idonsa kan teburin, da ya samu abin da ya fi wanda ya zo da shi. Na ce wa mai shagon, "Ɗana, wannan littafin amanar mutane ce, ba wurinsa ke nan ba." Ya ce, "Wallahi Malama gaskiyarki, zan saya masa akwati mai makulli." Na ce akwatin ma bai isa ba, ya rubuta wa kowa lambarsa a takarda ya ba shi ya tafi da ita, shi kada ya ajiye. Ya yi shiru, ya ce rabinsu za su yar kafin su kai gida. A nan ma yana da gaskiya, kuma ba mu rabu da matsaya ɗaya ba. Ta Goggo dai na sa ya goge a gabana, na rubuta a wayata.

Mai niyyar zuwa ya je da safe kafin ƙarfe goma, lokacin sabis ya fi ƙarfi kuma 'yan rajistar jarrabawa ba su cika wurin ba. Ya riƙe tsohon katinsa ko da ya karye, da katin ɗan ƙasa, da wayar da layinsa ke ciki. Ya san sunan mazaɓarsa tun daga gida, in bai sani ba ya tambayi mai unguwa. Kada kuma ya bari sai zaɓe ya ƙarato, domin dokar 2022 ta tanadi a rufe rajista da sauyin rumfa aƙalla kwana 90 kafin ranar zaɓe, kuma mai shagon da bakinsa ya gaya mini cewa idan cunkoson makon ƙarshe ya zo, kuɗinsa ninkawa yake yi.